Dutsen da Audun Ya Jefa a Tafki

Audun Rekve ne ya sa aka jefa dutsen kabarin Torleiv a tsakiyar tafkin Holvatn, kuma shi ne ya dubi tsabar idon goggonsa Arnlaug ya nuna mata igiyar da ba ita ba. Duk mai cewa kuskuren jama'a ne, rufa masa asiri kawai yake yi. Har yau yana shiga kanti ya sayi burodinsa, yana ɗaga wa mutane hannu daga cikin mota, ƙungiyar masu dira da laima kuma ba ta sauke shi daga shugabanci ba.

Yadda dutsen ya baro maƙabarta ba wani abin ɓoyo ba ne. Duk shekara in ƙanƙara ta saki ƙasa, mai kula da maƙabartar coci yakan bi duwatsun kaburbura yana girgiza su, don sanyi kan tura ƙasa har ƙusoshin da ke riƙe da dutse su saki. Wanda ya motsa sai a kwantar da shi, kada ya danne wani. Bana na Torleiv ya motsa. Arnlaug ta je kai furanni ta tarar da shi a ƙasa kamar wanda ya sha ya bugu. Ta ce kwanciyar mijinta ta isa haka, ba za a kwantar da sunansa ma ba. Ta sa maƙwabcinta Magnar, tsoho mai tarakta, ya ɗauko mata shi zuwa rumfar kwale-kwalenta a bakin tafki, inda za ta wanke shi, shi kuma Magnar ya sa masa sababbin ƙusoshi a ramuka biyun da ke gindinsa.

Ta kankare gansakuka, ta bi rubutun da farin fenti, da ya bushe ta sa Magnar ya kifa shi a kan buhuna saboda kashin tsuntsayen ruwa. Bayan dutsen kuwa ba a taɓa sassaƙa shi ba. In yana kife, dutse ne kawai irin wanda ke zube ko'ina a gaɓa.

Ba dutsen saye ba ne. Dokin ƙofar bukkarsu ce ta kan tudu, inda Arnlaug ta yi daminonin farkon aurenta tana tatsar awaki. Da suka daina hawa, Torleiv ya je shi kaɗai cikin hunturu ya jawo shi da doki a kan ƙanƙara, ya jingine shi a bayan gida, ya ce, "Ya ishe mu mu biyu." Torleiv ba mutum ne mai daɗin zama ba, wannan kowa ya sani, ita ma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Magana a wurinsa sai ka ce haƙori ake cire masa. Amma a tsawon zamansu wannan ne abu ɗaya da ya yi mata ba tare da ta roƙa ba. Da ya mutu aka sassaƙa sunansa a sama, nata a ƙasa da shekarar haihuwarta, aka bar fili a gaba. Wato rabin dutsen nata ne, tana jiran ranar da za a cike.

Su kuma masu laima, duk tsakiyar bazara sukan yi gasarsu a kan tafkin. Ƙaramin jirgi ya kai su sama, su diro, in sun kusa ƙasa su karkata laimar su taho da gudu kamar shaho ya hango ɗan tsako, su shiga tsakanin tutoci da ke tsaye a kan ruwa suna jan ƙafa ɗaya a fuskar tafkin, sannan su faɗa kan yashin gaɓa. Tutocin na roba ne da ake hura wa iska, layi biyu, kuma dole su tsaya cak inda aka auna, don alƙalai da su suke ba da maki. Holvatn kuwa ba kududdufi ba ne. Taku kaɗan daga gaɓa ƙasa take yankewa, zurfin wurin ya isa ya haɗiye hasumiyar coci da saura. Ba a kafa sanda a nan. Abin da suke yi, su jefa abu mai nauyi a kusurwa huɗu, kowane da igiyarsa da ta taso ta kama wani duro da ke lilo a ƙarƙashin ruwa kamar kamu biyu. Daga duro zuwa duro su ja igiya ta yi tauri kamar tsirkiyar baka, a jikinta ake ɗaure tutocin. Audun ne ya ƙirƙiro wannan dabara, yana kuma alfahari da ita fiye da yadda yake alfahari da 'ya'yansa.

Aikin na gayya ne, kamar kowane aiki a ƙauyen. Aka taru ranar Asabar kafin gasa, wasu da igiya, wasu da kofi da waina, aka aro faffaɗan jirgin da ake ƙetarar da tumaki da shi. Abin nauyi uku ne suka samu, na huɗun simintinsa ya tsage wajen lodi. Audun ya ce kada kowa ya damu, akwai wani dutse a rumfar goggonsa, har da ramuka a jiki kamar don su aka huda. Ya je da mutum uku da mota. Ya cika rami ɗaya da gam, ya soka ƙarfe mai zobe, suka ɗaga dutsen a kife yadda suka same shi. Ba wanda ya ce bari in leƙa ƙasansa.

Arnlaug tana birni ranar, an cire mata yana a ido. Ta dawo da bandeji, likita ya ce ta zauna a ɗaki. Sai ranar Alhamis ta gangara rumfa. Ta ga buhuna, ta ga shatin dutsen a kansu, ga sawun taya, ga kwalin gam a yashe. Ba ta nemi kowa ya yi mata bayani ba. Ta ɗauki kwalin ta miƙe sai filin masu laima.

Ta same su a ƙarƙashin babbar rumfar tamfol, baƙi sun fara zuwa daga ƙasashe, kowa ya shimfiɗa laimarsa yana naɗewa. Audun, ɗan wanta Sverre, mutum mai furfura a gemu amma da gajeren wando, yana tsaye da waya a kunne.

"Goggo, kin fito? Yaya idon?"

"Ɗaya ya ishe ni ganin ɓarawo." Ta ajiye masa kwalin a kan tebur. "Ina dutsena?"

"Wane dutse? Au, na rumfa?" Ya yi dariya. "Na ce zan faɗa miki, na sha'afa. Aro muka yi. In dutse kike so, gobe in kawo miki mota guda."

"Ka juya shi?"

"In juya shi in ga me?"

"Ka ga sunan Torleiv. Ka ga nawa a ƙasa."

Dariyar ta ɗauke. Wata mata da ke naɗe laima kusa da su ta daina naɗewa. Audun ya sa wayar a aljihu, ya sake ciro ta, ya dube ta kamar a ciki amsar take.

"Ai dutsen Torleiv yana maƙabarta," ya ce.

"Yaushe rabonka da maƙabarta? Kabarin ubanka ma ni nake cire masa ciyawa. Ka sa a fito min da shi yau."

Ya ja ta gefe, ya sassauta murya. Ya ce in aka ɗaga kusurwa ɗaya, duk igiyoyin za su saki, tutoci su watse, kuma sake aunawa aikin yini biyu ne, ga gasa gobe da safe. Ya ce igiyar da ta saki takan taso saman ruwa, mutum kuma yana tahowa da gudun mota yana jan ƙafa, in ta harɗe shi sai dai a kwashi gawa. Wannan gaskiya ce, Arnlaug ma ta san gaskiya ce, ba ta kuwa son ɗan kowa ya mutu saboda ita.

"Dutse ne, Goggo, ruwa ba zai cinye shi ba. Ki ba ni zuwa Lahadi. Ana gama dira ta ƙarshe, ni da kaina zan fito da shi."

"Lahadi da kuke yanke igiyoyi?"

Ta san al'adarsu, daga tagar kicin ɗinta take kallo duk shekara. Abin da aka jefa yakan nutse cikin laka, fito da shi wahala ne, don haka ba sa fito da shi. In an gama gasa sai a ba wanda ya zo na ƙarshe wuƙa, a zaga da shi a kwale-kwale ana yi masa waƙar tsiya, ya bi duro huɗun ya yanke igiyar kowane. Ƙasan Holvatn cike yake da tarkacensu.

"Ba za a yanke taki ba," in ji Audun.

"Wacce ce tawa?"

Ya juya ya dubi tafkin. Baƙi biyu suna tsaye suna jiran su tambaye shi wani abu, matar nan mai laima tana kallonsa. Ya ɗaga hannu ya nuna.

"Ta arewa. Wadda ke wajen ɗan tsibirin can."

"Ka tabbata?"

"Da hannuna na ɗaura shi, Goggo."

Da yamma ta sa Magnar ya tuƙa ta zuwa kusurwar arewa. Ta zura hannu cikin ruwan sanyi har kafaɗa, ta laluba duron, ta ɗaura masa jan ƙyalle da ta yago daga tsohuwar rigar Torleiv. Ta kama igiyar da ta yi ƙasa ta ji ta. Tana da tauri kamar ƙarfe, tana ɗan kaɗawa.

"Kina gaishe shi ne?" in ji Magnar.

"Da ransa ma bai amsa gaisuwa ba."

"To bana dai ya yi wanka. Ban taɓa ganin ya shiga tafkin nan da son ransa ba."

"Tuƙa, tsohon banza, kafin in aika ka ka taya shi."

Kwanakin gasar duka a kan ruwa ta yi su. Da farko ta ɗaure kwale-kwalenta dab da duron, aka yi ta kiranta a lasifika, wai mai jan kwale-kwale ta taimaka ta matsa. Ta yi kamar ba da ita ake ba, sai da Audun ya zo da kansa ya roƙe ta, ta ja baya zuwa inuwar tsibirin inda take iya hango wurin. Ta zo da filas ɗin kofi, da burodi da jan cuku, da saƙarta. Magnar yana zuwa ya taya ta zama, yana jefa ƙugiya ba ya kama komai.

Ba ta taɓa kallonsu kusa haka ba. Sai ka ji jirgin ya rage kuka a sama, can sai ɗige-ɗige masu launi su bayyana, ɗaya ya ware ya yi juyi ya sulalo, iska na kuka a igiyoyinsa kamar ana yaga zane. Ya shiga tsakanin tutoci, ruwa ya tsage a bayan ƙafarsa, mutanen gaɓa su yi tafi. Tutocin ko gezau. Iska ta taso daga kudu ranar Asabar, tafkin ya yi ta tambal-tambal, ba tutar da ta gusa.

"Torleiv yana riƙe da kyau," in ji Magnar.

"Shi ai riƙo ne sana'arsa. Ka taɓa ganin ya saki abu?"

Wani dogon Bajamushe ya yi kuskuren lissafi ya daki ruwa da gwiwa, ya yi ta tsalle a kai kamar an jefa faifai, ya tsaya kusa da su yana tari, laimarsa ta rufe shi. Arnlaug ta miƙa masa filafili ya riƙe har masu ceto suka iso. Ya yi mata godiya da harshensu.

"Ka faɗa masa ya bar godiya," ta ce wa Magnar. "A kan kabarin mijina yake wasa."

"Da wane bakin zan faɗa? Ni ma namu kaɗai na iya, shi ma ba duka ba."

Ranar Lahadi da la'asar aka yi dira ta ƙarshe. Aka raba kyaututtuka, aka fara gasa tsiran-alade, aka buɗe giya. Bajamushen nan ne ya zo na ƙarshe, aka ba shi wuƙa, aka ɗora masa hular roba mai kunnen jaki. Audun ya taho da jirgin tumaki, an ɗaure injin hannu na Magnar a kai, wanda ake jan gungumen itace da shi, da maza huɗu.

Arnlaug ta hau jirgin. Ta ga kwale-kwalen mai wuƙa ya nufi kusurwar yamma.

"Audun, ka ce su dakata. A fara fito da nawa in gani, sannan su yanke sauran."

"Goggo, mutane suna jira, masu hoto suna jira. Duro uku a ƙarƙashin ruwa ba fitila, in wani ya bi ta kai da kwale-kwalen inji fa? Kuma mai tumaki yana son jirginsa da sassafe."

"Dakatawar awa ɗaya ba za ta kashe kowa ba."

"Na ce miki wannan ce. Ga ƙyallenki ma a jiki."

Ƙyallen da ita ta ɗaura, bisa maganarsa. Amma a lokacin ta ga ja yana lilo a cikin ruwa, ta ga ɗan wanta da ta goya yana kallonta ba ko ƙiftawa, sai ta yarda. Tana tsaye tana gani aka yanke ta yamma, duron ya yi tsalle ya fito, jama'a suka yi shewa. Aka yanke ta kudu. Aka yanke ta gabas. Kowace igiya ta sulale ta bi abin da ke ƙasa.

Suka naɗa igiyar arewa a injin, suka fara juyawa. Da farko ba abin da ya motsa sai jirgin, da bakinsa ya sunkuya har ruwa ya fara hawowa. Magnar ya ce kowa ya koma baya ya tsaya, nauyinsu ya ɗaga gaban. Suka yi haka, suka ƙara ɗaurewa, suka sake komawa. Can sai jirgin ya yi wani girgiza, laka ta saki. Daga nan sai juyi, mutum biyu-biyu suna karɓar juna, jiƙaƙƙiyar igiya na taruwa a ƙafafunsu. Arnlaug ta shimfiɗa buhunan nan a tsakiyar jirgi, ta zo da bokiti da buroshi don ta san zai fito da taɓo. Mutanen gaɓa sun bar tsirensu sun matso bakin ruwa, don labari ya riga ya zaga.

Wani baƙin abu ya bayyana a ƙasa, yana juyawa a hankali. Magnar ya leƙa, ya daɗe yana leƙe. Abin ya fasa ruwa. Tsohon murhun ƙarfe ne na ɗumama ɗaki, an cika cikinsa da siminti, ƙofarsa na reto, laka na zuba daga bututunsa.

Ruwa kaɗai ke ɗiga.

"To," in ji Audun. Ya shafa gemu. "Ke nan ta kudu ce."

"Ta gabas dai," in ji ɗaya daga cikin masu juyi. "Ina jin dutsen muka jefa na biyu."

"Na biyu ai taya ce," in ji wani.

Arnlaug ta dubi inda duro ukun suke ɗazu. Ruwa ne kawai shimfiɗe, ko alama babu. Ta naɗe buhunanta ɗaya bayan ɗaya, ta sa buroshin a bokiti.

"Magnar, kai ni gida."

"Goggo, ki saurara," in ji Audun.

"Na saurare ka ranar Alhamis. Na saurare ka ɗazu."

Sauran labarin a kanti ya fito, daga bakin matar nan mai naɗe laima, wadda abin ya tsaya mata a rai. Ranar gayya Audun bai hau jirgin tumaki ba sam. Ya ɗaura zoben a jikin dutsen da hannunsa, wannan gaskiya ne, amma lokacin da ake jefawa yana gaɓa da abin awonsa a kan ƙafa uku, yana ɗaga hannu yana cewa a matsa dama, a matsa hagu. Daga can ba ya ganin abin da ake turawa ruwa. Bai san kusurwar ba, bai taɓa sani ba. Kalma uku ce ta gagare shi a gaban baƙi: ban sani ba. Da ya faɗe ta, da Arnlaug ta zauna a kan igiya huɗun da kanta, da an fito da su ɗaya bayan ɗaya ko da za a kwana uku ana juyi, da yanzu dutsen yana tsaye a inda yake.

Bayan mako guda mutum uku daga ƙungiyar suka zo gidanta da furanni da kek. Audun yana cikinsu, ya tsaya daga baya kusa da ƙofa. Ma'ajinsu, wata mai gilashi, ita ta yi magana. Ta ce duk sun ji ba daɗi. Ta ce aikin gayya ne, hannu da yawa ne a ciki, ba a iya cewa ga mai laifi. Ta ce ƙungiya ta yanke shawarar yi mata sabon dutse, baƙi mai sheƙi, ta zaɓi irin rubutun da take so.

"Wa ya ce a ɗauko shi daga rumfata?" in ji Arnlaug.

"Ai kin san yadda gayya take, kowa yana..."

"Na fi ki sanin gayya, yarinya. Rufin ɗakin taron da kuke shan giya a ciki, ina cikin masu miƙa katako. Gayya ba ta da baki. Mutum ne ya buɗe baki ya ce a ɗauko, mutum ne ya ɗaga hannu ya nuna min arewa. Ga shi can yana ƙirga takalmana."

Audun ya ce, "Mun yi kuskure, Goggo."

"Ku wa? Kai da murhun?"

Ta ce su ɗauki kek ɗinsu. Baƙin dutse mai sheƙi kuwa su ajiye wa wanda ba a taɓa jawo masa nasa daga kan tudu ba. Ƙafarta ce ta lotsa tsakiyar wancan dutsen, da ta uwar Torleiv kafin ita, wane kanti ne ke sayar da wannan?

Magnar ya bincika. Mai nutso ba ya kai wannan zurfin, amma masu kiwon kifi a bakin teku suna da wata na'ura mai fitila da kyamara da hannu, da suke saukarwa ta duba ragarsu. Tana iya kaiwa, tana iya maƙala ƙugiya a zoben. Wuraren nema uku ne kacal, kuma Audun yana da awonsu tunda shi ya auna. Sai dai laka tana haɗiye abu a hankali, kuma in tafkin ya daskare sai wata shekara. Aka faɗa wa Audun. Ya ce yana dubawa. Ganye ya yi ja ya zube, yana dubawa. An sauko da tumaki daga tudu, yana dubawa. Abin da aka ji kawai, ya fara tallar gasar baɗi, har ya sa hoton tutocinsa a tsaye cikin iskar ranar Asabar, wai shaidar dabararsa ba ta da na biyu.

A maƙabarta, mazaunin dutsen yana nan da nasa ramukan biyu cike da ruwan sama. Magnar ya kafa wani allon katako ya rubuta sunan Torleiv da fentin jirgi. Ya tambaye ta ko ya sa nata a ƙasa, ta ce a'a, nata yana cikin tafki, mace ba ta da suna biyu. Takan je ranar Lahadi ta miƙe allon in iska ta karkata shi. Wata safiya ta tarar da ruwan ramukan ya yi ɓawon ƙanƙara. Ta fasa shi da yatsa, ta koma gida, ta ɗauko sarƙar tarakta ta ɗaure ƙofar hanyar da ta ratsa gonarta zuwa gaɓa, wadda motocin ƙungiya ke bi da lodinsu tun zamanin Torleiv. Mai ƙafa ya wuce, ba ta hana kowa ba. Mota kuwa sai dai ta yi fiffike, tunda su masu tashi ne.

Yanzu wasu na cewa ta cika riƙo, dutse ne kawai, kuma ɗan wanta ne. Su faɗa. Taron ƙauye yana nan tafe kafin tafki ya rufe, Arnlaug kuma za ta zauna a layin gaba da kwalin gam a cinyarta. Audun Rekve ya zo. Kada ya turo mai gilashi, kada ya turo kek. Ya miƙe tsaye a gaban mutanen da suka san Torleiv, ya faɗi wanda ya ce a ɗauko dutsen, ya faɗi dalilin da ya sa ya nuna arewa alhali bai sani ba, sannan ya faɗi ranar da na'urar za ta sauka cikin ruwa. Tsohuwar ta haye tamanin, kuma akwai fili a jikin dutsen nan da ba a cike ba. Ya zo ya amsa tun tana da kunnen ji.